Yadda Sha'aibu Ya Wanke Kunnen Ɗan Rago

Ranar Alhamis, uku ga watan Oktoba, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, Hasanatu ta miƙa wa mijinta Sha'aibu makullin ƙaramin ɗakinsu, da sirinji guda, da takarda mai layi huɗu.

"Karanta mini da ƙarfi, Maigida," in ji ta.

Sha'aibu ya karanta yana murmushi irin na babban mutum da aka ba shi aikin yara. Kada a kashe esi. Kada a buɗe taga. Ruwa cikin sirinji biyu ga kowace tukunya, Lahadi da Alhamis, a gindi. Kada a taɓa ganye.

A cikin ɗakin, kan dogon tebur, ƙarƙashin wata fitila mai farin haske, tukwanen shuka goma sha biyu ne a jere. Abin da ke cikinsu gajere ne, ganyensa dogo-dogo mai kauri, kuma kowane ganye lulluɓe yake da lallausan gashi fari-fari mai ƙyallin azurfa. Turawa na kiransa kunnen ɗan rago. A littattafan Hasanatu sunansa Stachys byzantina. Tsiro ne na tsaunuka masu sanyi da busasshiyar iska, wato duk abin da Kuala Lumpur ba ta da shi.

Hasanatu tana shekarar ƙarshe ta digirin dokta a fannin tsirrai. Wata takwas ta yi tana renon waɗannan tukwane. Da ɗakin sanyi na jami'arsu ya lalace, sai ta kwaso su zuwa gidansu, hawa na shida a wani dogon bene da ke gefen unguwar Kampung Baru. Yanzu za ta tafi taron masana a garin Kuching na kwana tara. Ranar Asabar ɗin da za ta dawo, malaminta Dokta Hafiz zai zo da la'asar ya yi awon ƙarshe, kuma a kan awon nan babin ƙarshe na littafinta ya rataya. In ya ɓaci, sai ta koma farko.

"Ka san abin da zai auna ko? Gashin ganyen nan shi ne..."

Wayar Sha'aibu ta yi ƙara. Shi ejan ne mai aika kayan ɗalibai da 'yan kasuwa zuwa Kano, ofishinsa yana unguwar Chow Kit. Ya ɗaga mata hannu, ya shiga rigima da wani a kan kwali bakwai da suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Ko da ya ajiye wayar, ta gama bayaninta, motar haya tana jiranta a ƙasa.

"Ka ji dai ko?"

"Haba Dokta! Ni fa jikan Sarkin Lambu ne na Kura. A cikin albasa aka yanke mini cibiya. Je ki kawai, Allah Ya kiyaye hanya."

Gaskiya ne kakansa ya yi lambu a Kura. Abin da Sha'aibu ba ya faɗa shi ne yana shekara shida aka kai shi Fagge, kuma abin da ya taɓa shukawa a duniya ƙwayar wake ce a gwangwanin madara, a aji uku na firamare. Ita ma ba ta fito ba.

Da ya sauko zai tafi ofis, sai ya ga takarda a allon sanarwa kusa da lif. Kwamitin mazauna gidan zai yi ranar tsafta da gasar furanni, Asabar sha biyu ga wata, ƙarfe goma na safe. Jirgin Hasanatu sai ƙarfe biyu zai sauka. Sha'aibu ya ƙirga awannin da ke tsakani. Sannan ya zaro biro ya rubuta sunansa a layi na farko.

Da rana, a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, inda suke shan shayi, ya tarar da abokinsa Mansur, ɗalibin injiniya.

"Mansur, ka taɓa jin Stachys byzantina?"

"Ciwo ne?"

"Ka ji jahilci. Tsiro ne, na manyan masana. Guda goma sha biyu gare ni a gida."

"Gare ka, ko gare ta?"

"Ita ta karanta a littafi, ni na gada. Wallahi tausayi suke ba ni. Wata takwas, mutumina, ba su kai tsawon ludayi ba! Ta kulle su a firji kamar kifi, tana ba su ruwa da sirinji kamar marasa lafiya a asibiti. Ka taɓa ganin ɗan lambun da ya yi arziki da sirinji?"

"Amma ai ta ce..."

"Ba ni kwana tara. Za ta dawo ta tarar da daji, ga kofin gasa a kan tebur. Malamin nata da kansa zai nemi lambata."

Da ya koma gida da yamma ya kashe esi, ya kwashe tukwanen ɗaya bayan ɗaya zuwa baranda don su sha iskar Allah. Ya cika butar alwala, ya kwarara wa kowace tukunya daga sama har ruwa ya tumbatsa, yana cewa, "Ku sha, bayin Allah, an daina horo." Haka ya yi da asuba, haka ya yi da magariba. Ruwan sama kuma na Kuala Lumpur, wanda ba ya saɓa alkawarin ƙarfe huɗu, ya riƙa ƙara nasa.

Ranar Asabar da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mak Cik Sharifa ce, dattijuwar Malay da ke zaune a hawa na biyar, daidai ƙarƙashinsu. Tana riƙe da farin mayafinta na salla, ya yi dabbare-dabbare da jar ƙasa.

"Encik Sha'aibu, kana haƙa rijiya ne a sama?" ta tambaya cikin Turancinta mai gauraye da Malay.

"Noma nake yi, Mak Cik. Bincike ne na kimiyya."

"Kimiyyar taka tana sauka a kan shanyata, lah."

"Ranar gasa za ki gani, za ki yi alfahari da maƙwabcinki."

"Ni ce alƙaliyar gasar," in ji ta, ta juya ta tafi.

Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne ganyayen sun fara langaɓewa, sun kwanta a bakin tukwane kamar jiƙaƙƙun safa. Ya tsuguna ya ƙura musu ido, ya shafa gemu, sai gaskiya ta bayyana gare shi. Wannan farin abin da ke jikin ganyen! Ai ya san shi. Ita ce farar cutar nan da ke kama ganyen kuɓewa, wadda ya taɓa ji ana zancenta a Kura wata salla da suka je. Ashe wata takwas matarsa na kiwon cuta ba ta sani ba. Ga digiri har biyu, amma ba ta san cewa lafiyayyen ganye kore ne ba.

Ya ɗauko roba, ya kaɗa omo, ya samo tsohon buroshin haƙori. Ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno ya fara aiki, ganye bayan ganye, ciki da baya.

Barandar da ke manne da tasu ta Bashira ce, 'yar Zariya, matar wani malamin jami'a. Ta fito shanya, ta leƙo ta gefen katangar, ta tsaya da ɗan kanfai a hannu.

"Malam Sha'aibu, lafiya? Aswaki kake yi musu?"

"Magani nake yi, Maman Ziyad."

"Ba waɗannan ne na Anti Hasanatu da ko ni ba ta bari in shiga ɗakinsu ba?"

"Su ne. Kunya take ji a ga cutar."

"To ni dai na ga kamar da gashin aka halicce su."

"Da ƙuda ma aka halicci mangwaro? Ki tsaya a kan girki, ki bar noma ga masu shi."

"Na bari. Ta san kana yi?"

"Albishir nake haɗa mata."

"Allah Ya sa ta iya ɗauka," in ji Bashira, ta koma ciki.

Kwana biyu ya yi yana gurza. Ranar Lahadi da yamma ganyayen duk sun zama kore, sumul, tsirara kamar 'yan tsaki da aka fige. Sha'aibu ya ja da baya ya dube su, ya ji ƙwalla na neman zubo masa don daɗi. Ranar Litinin rana ta fito da ƙarfinta, kafin azahar gefen kowane ganye ya soye ya zama ruwan ƙasa.

"Yunwa ce," in ji Sha'aibu. "Mai jinya in ya tashi, abinci yake nema."

Samun kashin awaki a tsakiyar Kuala Lumpur ba ƙaramin aiki ba ne, amma Sha'aibu ejan ne. Ya buga waya uku, aka haɗa shi da wani mai sayar da awakin suna a bayan gari. Direban motar haya na farko ya sunsuna buhun, ya ce ba boleh ba, wato ba zai yiwu ba, ya ja motarsa. Na biyu ya yarda, amma ya sauke gilasai huɗu, ya tuƙa da kansa a waje. A gida, lif ya tsaya a hawa na biyu, wasu mata uku suka sa ƙafa, suka janye, suka bi matakala. Har Laraba mutanen gidan suna hawan bene da ƙafa, kuma mai gadi ya kira masu gyaran bututun bahaya sau biyu.

Bai tsaya nan ba. Wani mai kifi a kasuwar Chow Kit ya gaya masa cewa ruwan wankin kifi na sa shuka ta haukace da girma. Ya cika jarka ya kawo, ya zuba a kan takin. Kafin magariba kyanwoyin Kampung Baru, waɗanda ba su taɓa sanin akwai hawa na shida ba, suka yi layi a bakin ƙofarsa.

Bashira ta leƙo, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam Sha'aibu, wani ya rasu ne a gidanku?"

"Ƙamshin albarka ne. Duk wanda ya tashi a lambu ya san shi."

"Ziyad ya ce in tambaye ka ko za ka ba shi kyanwa ɗaya."

Ranar Alhamis da hantsi Hasanatu ta kira. Kullum tana kira, kullum yana cewa komai lafiya, yana tura mata hoton da ya ɗauka tun ranar farko. Yau muryarta da ɗan sukuni, ta gabatar da takardarta an yi mata tafi.

"Maigida, ka ga hoton nan kamar na jiya."

"Ai haka suke, Dokta. Masu natsuwa ne."

"To alhamdu lillahi. Ni dai gashin nan nake ji. Ka san shi kaɗai Dokta Hafiz zai ƙirga."

"Zai ƙirga me?"

"Gashin ganyen mana. Sau nawa zan faɗa maka? Duk binciken a kan gashin yake, yadda yake kare ganye daga zafi. Ko ɗan yatsa ya goge shi, awon wannan ganyen ya tashi. Maigida? Kana ji na?"

Sha'aibu yana tsaye a baranda. Ya dubi tukwanen. Ya dubi buroshin haƙorin da ke bushewa a kan katanga.

"Sabis ne," in ji shi, ya kashe wayar.

Da wani mutum ne, da ya zauna ya yi kuka. Sha'aibu minti huɗu ya yi a zaune, ya miƙe da sabuwar dabara. Gashi dai fari ne, mai laushi. Ya sauka zuwa shagon magani na bakin titi ya sayo audugar asibiti ƙunshi shida, ya biya ta shagon littattafai ya sayo gam na 'yan makaranta. Ranar Juma'a bai je ofis ba. Ya shafa gam, ya yagi auduga siriri, ya manna, ya lallaɓa da bayan cokali. Ganyen da ya tsinke a hannunsa sai ya soke shi da tsinken sakace ya mayar. Wanda ya narke gaba ɗaya sai ya ƙara wa maƙwabcinsa auduga ya rufe gurbin.

Bayan sallar Juma'a Mansur ya biyo shi gida, ya tsaya daga bakin baranda.

"Mutumina, waɗannan shuka ne ko 'yan tumaki?"

"Ka gani ko? Sun ninka gashin da ta bari. In malamin nan ya fara ƙirga sai ya kwana."

"Ni dai da ka janye daga gasar nan."

"In janye? Sunana ne na farko a takarda! Ƙarfe goma in karɓi kofi, sha ɗaya in mayar da su ɗaki in kunna esi, biyu in tarbi matata. Kai dai ka sanar da jama'a su zo su ga abin da ɗan Kura ya yi a ƙasar mutane."

Mansur mutum ne mai cika umarni. Ya rubuta sanarwa mai kyau, ya haɗa da hoton Sha'aibu tsaye a bayan tukwanen yana ɗaga babban yatsa, ya tura a zauren wayar Hausawan Kuala Lumpur. Mutum ɗari biyu da 'yan kai ne a zauren. Hasanatu na ɗaya daga cikin masu kula da shi.

Asabar, ƙarfe goma saura, an kafa rumfa a harabar gidan. Maƙwabta sun jera kayansu: furanni ja da ɗorawa, barkono a bokiti, lemun tsami a rabin duro. A tebur na farko Sha'aibu ne cikin farar shadda da hula zanna, ya lulluɓe tukwanensa da zanen gado. Hausawa kusan talatin sun zo, wasu don zumunci, wasu don Bashira ta ce kada su kuskura su rasa. Kyanwoyi biyar suna zaune a ƙarƙashin tebur.

Mak Cik Sharifa ta iso da allon rubutu. Sha'aibu ya gyara murya.

"Jama'a, abin da za ku gani ba a taɓa fito da shi fili a garin nan ba. Masana sun ce ba ya rayuwa sai a firji. Ni na ce ƙarya ne. Stachys byzantina!"

Ya fizge zanen. Gam bai gama bushewa ba a wasu wurare, don haka zanen ya tafi da kawunan tukwane uku. Warin da ya kwana a rufe ya tashi gaba ɗaya. Layin gaba ya koma layin baya.

Mak Cik Sharifa ba ta ja da baya ba, mace ce mai riƙon amana. Ta miƙa yatsu biyu ta shafa ganye ɗaya a hankali. Da ta ɗago hannu, ganyen ya biyo ta. Ta yarfe, bai faɗi ba. Ta kama da ɗaya hannun, shi ma ya manne. Ta ja, sai tsiron gaba ɗaya ya fito daga tukunya ba gardama, gindinsa baƙi, yana ɗiga.

"Encik, ina saiwar?"

"Irinsa ba ya yawan saiwa, Mak Cik."

"Wannan tsinken fa?"

"Tallafi ne. Dabarar mutanen Kura ce."

"Malam Sha'aibu," Bashira ta ɗaga murya daga baya, "ka gaya mata zancen aswakin!"

Sai aka fara yayyafi, wanda ranar ya yi sammako. Teburin Sha'aibu ne kaɗai ya ɗan fita daga rumfa, don shi ya ja shi gaba saboda a fi ganinsa. Audugar ta sha ruwa, ta yi nauyi, ta fara zamewa tana faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kyanwa ɗaya ta hau tebur ta fara tono.

"Lokacin zubar gashinsu ne," in ji Sha'aibu da ƙarfi. "Duk shekara suna yi. Duk wanda ya yi karatu ya sani."

"Wane karatu?"

Muryar ta fito daga bakin ƙofar harabar. Hasanatu ce, jakarta a hannu, takardar jirgin asuba na leƙowa daga aljihun jakar. Kusa da ita Dokta Hafiz ne, wanda ta biya ta ɗauko, ɗan siririn mutum mai tabarau, riƙe da ƙaramin akwati. Jama'a suka buɗe musu hanya ba wanda ya ce su buɗe.

"Dokta! Ai ƙarfe biyu muka yi da ke."

 Ta bi teburin daga wannan kai zuwa wancan, tana duban kowace tukunya. Dokta Hafiz ya buɗe akwatinsa, ya ciro gilashin ƙara girma, ya ɗauki ganye ɗaya da ɗan hantsaki. Ya daɗe yana dubawa, don shi mutum ne mai ladabi.

"Wannan auduga ce," in ji shi.

"Audugar ma ai tsiro ce, Dokta," in ji Sha'aibu.

Wani daga cikin ɗaliban ya zauna a ƙasa don dariya. Mansur ya ja hularsa ya rufe fuska. Mak Cik Sharifa tana ta fama da yatsunta a bakin famfo.

Hasanatu ta ajiye jakarta. Ta yi magana a hankali, yadda take yi in tana karanta sakamakon awo.

"Maigida, tambaya ɗaya zan yi maka. A cikin goma sha biyun nan, akwai wadda ba ka taimaka wa ba? Ko guda ɗaya, wadda ka manta da ita?"

Sha'aibu ya dafa ƙirji.

"Wallahi, Dokta, duk na yi musu adalci."

Dokta Hafiz ya rufe akwatinsa. Barkonon bokiti ne ya ci gasar. Tukwane goma sha biyu, babu wadda ta rayu, kuma kwamitin gidan ya sa Sha'aibu ya wanke lif da harabar kafin la'asar.

Jami'a ta ƙara wa Hasanatu wata takwas. Ranar Litinin ta sama, da ƙarfe takwas na safe, ta hau bas zuwa tsaunukan Cameron Highlands masu sanyi, inda aka ba ta wuri a wata gonar gwaji ta sake shuka daga farko. Sha'aibu ya raka ta tasha, ya ɗora mata jaka, ya leƙa ta taga ya ce in ta ga wata matsala a ganyen ta kira shi ko da wane lokaci ne.

Ba ta kira ba.